Na tura masa kuɗin godiya, ya maido mini kafin awa guda

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni Kirista ne daga kudancin jihar Bauci, na zo Hartum tun 2012 ina aikin wayarin da gyaran janareta. Muna zaune a unguwar Haj Yusuf da matata da 'yarmu sa'ad da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Lokacin da ake kwashe 'yan Najeriya ta hanyar Masar matata tana da tsohon ciki, ba za ta iya wannan tafiyar ba, sai muka tsaya. Maƙwabcinmu Bahaushen Sudan ne, Musulmi, direban raksha, wato a-daidaita-sahu. Zan kira shi Malam. Shi ya haɗa mu da iyalinsa ya fitar da mu zuwa Madani, can matata ta haihu a hannun uwargidansa. Da Madani ta faɗi a watan Disamba, muka sake gudu tare zuwa gidansu na gado a Gadarif. Ya fitar da samarin gidan daga ɗakinsu ya ba mu, wata goma sha ɗaya muna ci daga tukunyarsu. Da zazzaɓin dengi ya kwantar da 'yata, uwargidansa ta cire warwaronta na zinariya ta sayar aka biya magani. Daga baya muka ji, ba ita ta faɗa ba.

A duk wannan lokacin yayana da ke gida, mai aikin albashi, sau ɗaya ya turo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga nan ya daina ɗaukar wayata.

Yanzu Allah ya buɗa mini. Ina Fot Sudan ina haɗa wa mutane wutar sola, na tara abin da zai iya sayen raksha ta hannu. Ta Malam an sace a Hartum, yanzu ta wani yake tuƙawa. Watanni biyu da suka wuce na zauna da biro na lissafa hayar wata goma sha ɗaya da abinci da kuɗin warwaron, na tura masa ta Bankak, manhajar banki ta waya. Kafin awa guda ya maido, da saƙon murya: "Ashe haya ka yi a gidana ban sani ba?" Tun ranar gaisuwarmu ta zama ta sama-sama. Matata ta ce a mayar da zinariyar, amma ba ta yarda in kwashe duk ajiyarmu ba. Wani dattijon cocinmu ya ce in fara da 'yan'uwa masu bi, ga gwauraye nan ba su da abin kaiwa baki. Ga yayana kuma ya ɓullo yana neman kuɗin makarantar ɗansa, ni kuwa ko muryarsa ba na son ji. Ba na barci, Baba. Ta yaya zan biya mutumin da ya ƙi a biya shi?

Ɗanku a Fot Sudan

Ɗana, sannu da wannan doguwar hanya. Haj Yusuf zuwa Madani da mace mai tsohon ciki, Madani zuwa Gadarif da jariri a goye, ga ciwon yarinya a bakin duniya. Da yawa sun bi wannan hanyar ba su iso da iyalinsu cikakke ba. Kai ka iso, har ka zauna kana rasa barci saboda neman yadda za ka gode. Mai shayarwar Fir'auna kwana uku kawai ya yi tsakanin roƙon da Yusufu ya yi masa da fita kurkuku, amma ya manta da Yusufu har shekara biyu. Kai ba ka manta ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ka yi kuskure, kuma gara in faɗa maka tun da wuri. Kuskuren yana cikin biron nan. Ka sa kanka a wurin Malam: wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga kuɗi sun shigo, adadin da aka lissafa daidai wa daida, ba sallama, ba zama, ba kallon ido. Mutumin da ya tashi 'ya'yansa suka koma kwana a rumfar tsakar gida don ku sami ƙofar rufewa, ya ga an yi wa abin farashi. A zuciyarka godiya ka aika. Abin da ya iso masa takardar sallama ce, irin wadda ake ba mai masauki a ce mun gama, kowa ya kama gabansa. Kuma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Musulmi irin Malam idan ya yi abu ya ce don Allah ya yi, ladansa yake jira a wurin da ya ajiye shi. Karɓar kuɗi a kansa, a ganinsa, sayar da babban abu ne a kan ƙarami. Ga kuma al'adar ƙasar da kake ciki, wadda ka fi ni sani: a Sudan mutum kan rantse da saki don baƙo ya zauna ya ci abinci. Mutanen Gadarif sun buɗe makarantu da gidajensu ga waɗanda suka gudo daga Jazira, jihar da Madani take, kuma babban abin kunya a unguwa shi ne a ce wane ya karɓi kuɗi a hannun wanda ya fake da shi. Don haka maido kuɗin da ya yi cikin awa guda ba girman kai ba ne. Mutuncinsa ya kare, ya kuma kare matsayinka na ɗan gida.

Bari in yi maka tambayar da za ka amsa wa kanka da dare. Me ya fi hana ka barci, halin da Malam yake ciki, ko nauyin da kake ji a wuyanka? Ban tambaya don in zarge ka ba. Namiji mai sana'ar hannu, wanda ya saba ciyar da kansa, ya yi wata goma sha ɗaya yana miƙa hannu cikin akushin wani, dole wani abu ya karye masa a ciki. Kana so ka miƙe tsaye kamar da, ka daina jin kai abin tausayi ne. Wannan halin ɗan Adam ne. Amma idan shi ne ke tuƙa ka, duk abin da ka bayar zai fito da ƙanshin "na fita bashinka", Malam kuwa zai sake jin ƙanshin ko da ka nannaɗe shi da alharini.

Akwai wani labari a 2 Sama'ila da nake so ka karanta da matarka, sura 17 daga aya 27, sai sura 19 daga aya 31. Dawuda yana gudun ɗansa Absalom, ya haye Urdun ya isa Mahanayim da mutane gajiyayyu masu yunwa. Mutum uku suka tarye shi: Shobi daga Rabba ta Ammonawa, Makir daga Lodebar, da Barzillai mutumin Gileyad daga Rogelim. Littafin ya tsaya ya ƙirga abin da suka kawo ɗaya bayan ɗaya, gadaje, daruna, tukwane, alkama, sha'ir, gari, gasasshen hatsi, wake, zuma, man shanu, tumaki, cuku. Duk wanda ya taɓa gudun hijira ya san dalilin da ya sa aka fara da gado da daro. Da tawayen ya ƙare Dawuda zai koma Urushalima, ya ce wa Barzillai ya biyo shi, zai riƙe shi a fada. Tsohon ya ƙi. Ya ce shekarunsa 80, ba ya jin ɗanɗanon abinci, ba ya jin muryar mawaƙa, don me zai zama wa sarki kaya, don me ma sarki zai sāka masa da irin wannan? A bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa. Sai ya nuna Kimham, wanda ake ɗauka ɗansa ne, ya ce ga wannan, a tafi da shi.

Dubi abin da Dawuda ya yi da aka ƙi kyautarsa. Bai yi fushi ba, bai matsa ba, bai aika da jakar azurfa a ɓoye ba. Ya ce Kimham zai haye da shi, kuma zai yi masa abin da Barzillai ya ga ya dace. Ka lura, abin da mai alherin ya ga ya dace, ba abin da sarki ya tsara ba. Ya sumbaci tsohon, ya sa masa albarka, ya bar shi ya koma gida. Shekaru bayan haka, yana kan gadon mutuwa yana yi wa Sulemanu wasiyya, a 1 Sarakuna 2:7, cikin 'yan abubuwan da ya ambata har da 'ya'yan Barzillai: a yi musu alheri, su kasance cikin masu ci a teburinsa, domin sun tsaya masa ranar gudu. Dawuda bai taɓa rufe wannan lissafin ba, gādonsa ya bar wa ɗansa. Har a Irmiya 41:17, ɗaruruwan shekaru daga baya, ana ambaton wani masauki kusa da Baitalami da sunan Kimham, wasu masu nazari suna ganin daga wannan alherin ya samo asali.

Bambanci ɗaya ne, kuma ya ƙara wa naka nauyi. Barzillai attajiri ne ƙwarai, daga yalwa ya bayar. Malam daga tukunyar da ba ta isa gidansa ba ya ɗiba muku. Shi ya sa ba zan ce maka ka haƙura ka bar shi da addu'a kawai ba. Yana da bukata ta gaske, kai kuma kana da hali. Abin da za mu nema shi ne ƙofar da alherin zai shiga ba tare da ya sunkuyar da kansa ba.

Ƙofar farko ƙafarka ce, zumunci a ƙafa yake. Ka ɗauki kwana huɗu ko biyar, ka hau mota ta Haya da Kasala ka sauka Gadarif, da matarka da yaran duka biyu, musamman wanda aka haifa a Madani, domin shi ɗan gidan ne tun ranar da ya faɗo. Tsaraba ta zama irin wadda kowane ɗa yake kawowa in ya dawo daga tafiya: sukari, ganyen shayi, bun na jabana (gahawarsu), man girki, sabulu, ɗan yadi ga yara. Kada ka ɗauki abin da zai sa maƙwabta su leƙo. Ranar farko kada maganar kuɗi ta fito daga bakinka ko da wasa. Ka ci kisira da miyar gidan kamar da, ka kwana inda suka shimfiɗa maka, kada ka ce za ka kama ɗaki a masauki don yanzu kana da hali. In dare ya yi kun zauna ku biyu, ka ba shi haƙuri a taƙaice, ba dogon bayani. Ka ce masa ka yi wauta, nauyin abin da ya yi maka ne ya ruɗa ka har ka ɗauki biro, ka san abin ba na biya ba ne, ya yafe maka. In ya ce ya wuce, ka yarda ya wuce.

Zancen zinariya kuwa ka cire hannunka. Tsakanin mata aka yi shi, tsakanin mata za a gyara. Matarka ta yi wata goma sha ɗaya a madafi ɗaya da uwargidan Malam, ta san yadda take magana, ta san ranar da hannunta ya wayi gari ba warwaro. Ku saya da nauyi, kada ku bi kuɗin da aka sayar a wancan lokacin. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, a 2024 ta haura 2,000, don haka kuɗin da ya sayi magani a lokacin yau ba zai sayi rabin abin ba. A nemi mai nauyin wanda ya tafi, in da hali a ɗan ɗara. Matarka ta shiga ɗaki ta kama hannun yayarta ta saka mata da kanta, ta ce 'yarki ce ta ce a kawo miki. Zinariyar mace a Sudan ita ce asusunta na ranar baƙin ciki, ita ta fasa nata dominku. Wannan ɗaya ne daga cikin abin da ka lissafa da ya halatta a mayar, kuma ina tsammanin ba za ta ture ba in ya zo ta wannan hanyar. In ta yi kuka ta ce ba ta so, matarka ta yi kukan tare da ita ta bar shi a hannun.

Sai sana'arka. Ban san dalilin da ya sa ka tsallake ta ka tafi Bankak ba. Kai da kake haɗa wa baƙi wuta kullum, gidan da ya rufa maka asiri yana kwana cikin duhu in an ɗauke. Ka je da faifan sola biyu da batir da wayoyinka, ka hau rufin da kanka, ka sa samarin da suka ba ku ɗakinsu su riƙe maka tsani. Fitila uku, fanka a ɗakin tsohuwa in akwai, wurin cajin waya. Mutumin da zai maido kuɗi cikin awa guda ba zai hau rufi ya kwance aikin hannun ƙaninsa ba, domin wannan gayya ce, abin da mutanen Sudan suke kira nafir, kuma kowa ya san ba a biyan gayya ba a kuma korar ta. Tun kana kan rufin ka duba cikin samarin wane ne idonsa yake bin hannunka, wane ne yake tambayar me ya sa wannan wayar ta bi nan. Shi ne Kimham ɗinka. Kafin ka tafi ka roƙi Malam ya ba ka shi, ka ce kana bukatar yaro amintacce a wurin aiki, wanda gaskiya ne. Ka koya masa aikin har ya iya tsayawa da kansa, ka saya masa kayan aiki ranar da ka yaye shi. Amma in ka ɗauke shi, amana ce ka ɗauka: sallarsa, azuminsa, abincinsa, duk ka tsare masa kamar yadda ubansa bai taɓa hana ku addu'arku a ɗakinsa ba. Kada wani ya zuga ka ka mai da alherin ƙugiya. Shaidarka a gidan nan ita ce yaron ya koma wurin ubansa da sana'a a hannu da mutuncinsa cikakke.

Raksha ita ce mai wuya, kuma ba zan ɓoye maka ina da shakka ba. Hanya biyu ce. Ko ka saya ku yi tarayya, shi yana tuƙi kuna raba abin da ya shigo, ko ka ba shi kyauta. Tarayya tana da daɗin karɓa, domin ba ta taɓa girman kowa, amma na ga abota da yawa da ta mutu a kan kuɗin taya da gyaran inji. In za ku yi ta, ku yi ta gaske: a rubuta, a sa shaidu biyu daga danginsa, a faɗi kason kowa da wanda gyara yake kansa, a kuma sa ranar da rakshar za ta zama tasa ɗungurungum. Tarayyar ƙarya, wadda za ka riƙa ƙin karɓar kasonka, zai gane ta cikin wata biyu, ku koma inda kuka fito. Kyauta kuwa tana son lokacinta da bakin da zai kai ta. Hausawan can da na nan duk sun san gudummawa, ba wanda yake maido abin da aka kawo masa ranar aurar da 'ya ko ranar suna ko gab da Sallah. Ka sami wani babba da Malam yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwarsu, ka zauna da shi ka faɗa masa nufinka, ka tambaye shi yadda za a yi. Musulmi sun san hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, limamin zai gane cewa kai ma kana da haƙƙin a bar ka ka gode. Amma duk wannan ba na wannan zuwan ba ne. Ka bari sai miki ya warke.

In kuma bayan duk wannan ya ce a'a, to ka karɓi a'ar da hannu biyu, kamar Dawuda. Ka ware wani abu da sunansa a zuciyarka, ka ajiye shi cikin abin da ba ya narkewa yadda fam yake narkewa, ko ɗan zinariya ko kayan aikin da za ka iya sayarwa. Rana tana zuwa, ciwo ko aure ko rasuwa ko damina mara kyau, da za ka ji labari. Ranar kada ka tambaya ko ana bukata, ka iso kawai. Mahaifiyata ta yi shekara fiye da ashirin tana aika damin farko na gonarta ga wata mata da ta yi jinyarta a shekarar da mahaifinmu ba ya nan. Muna yara muna gunaguni, mu ne masu ɗauka a ka. Ba ta taɓa kiransa biya ba, cewa take ku kai wa innarku nata.

Matarka tana da gaskiya, kuma ka gode wa Allah da ya ba ka mai riƙe linzami. Kuna baƙunta a ƙasar da yaƙi bai ƙare ba. Fot Sudan ɗin da ake ganin tudun mun tsira, jirage marasa matuƙi sun kai mata hari a watan Mayun 2025. Ga haya mai tsada, ga takardun zama, ga yaron da aka haifa a hanya wanda wataƙila har yau ba shi da fasfo. Bulus ya faɗa wa Timoti da kakkausar murya a 1 Timoti 5:8 game da wanda bai kula da iyalinsa ba. In ka kwashe komai ka ba Malam, gobe abu ya faru, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa? Tasa. Ka sake ɗora masa kayan da kake cewa kana son sauke masa. Ku zauna da ita ku fara ware kuɗin da zai kai ku huɗu gida in ta ɓaci, da na cin wata uku, wannan ba a taɓa shi. Daga abin da ya rage a fitar da zinariya da kayan sola, su ne na yanzu. Raksha ta jira abin da zai shigo nan gaba. Kuma kada ka yanke komai ba da ita ba, domin ita ma bashin nan nata ne, wataƙila ma ya fi naka, ita aka riƙe wa hannu a kan gwiwa.

Dattijon cocinku kada ka yi gardama da shi, gwaurayen da ya ambata suna nan da gaske. Ayar da yake nufi Galatiyawa 6:10 ce, ta kuwa fara da a yi wa dukan mutane alheri kafin ta ce musamman iyalin masu bi. Ka tuna masa cikin ladabi cewa Shobi Ba'ammone ne, ba Ba'isra'ile ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar rubuta sunansa a gaba ba. Zakkarka ka fitar kamar yadda ka saba, ka yi baikon godiya a gaban jama'a, in ka ga dama ka ce a ba gwauraye. Abin da za ka yi wa gidan Malam aljihu dabam ne, ba sadaka ba ce da za a auna wa ya fi cancanta. Ni a ganina ma, cocin da ɗanta ya sami mafaka wata goma sha ɗaya a gidan Musulmi, kamata ya yi fasto da dattawa su rubuta wa mutumin wasiƙar godiya ka tafi da ita. Ka gwada faɗa musu.

Saura yayanka, wanda na lura layi biyu kawai ka ba shi a wasiƙarka, amma ina jin rabin rashin barcin nasa ne. Abin da ya yi da ciwo, ba zan shafa masa mai ba. Sai dai ban ji ta bakinsa ba, kai ma ba ka ji ba. A ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, wata mai bi naira ta faɗi, masu albashi da yawa suka koma cin bashi kafin tsakiyar wata. A watan Fabrairun 2024 kuma layukan waya suka ɗauke a yawancin Sudan, mai kira daga waje ba ya samu. Mai yiwuwa ba shi da shi ne, kunya ta hana shi ɗaukar waya ya ce babu. Mai yiwuwa kuma yana da shi ya ƙi. Hanya ɗaya ce ta sani: ka kira shi, ba a rukunin dangi na WhatsApp ba, kai da shi, ka ce Yaya, lokacin da 'yata take kwance na kira ka ban same ka ba, abin yana cina har yau. Sai ka yi shiru ka saurara. Bulus ɗin da ya yi wa gidan Onisifaras addu'a don bai ji kunyar sarƙarsa ba, ya neme shi a Roma har ya same shi, shi ne a wasiƙa ɗaya ya ce ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a ba wanda ya tsaya masa, kowa ya yashe shi, ya roƙa kada a lissafa musu. Ya riƙe sunan wanda ya tsaya, bai ƙirga sunayen waɗanda suka watse ranar ba. Yafewa ba ta tilasta maka buɗe masa aljihu yadda ya so. Amma yaron da ake neman wa kuɗin makaranta bai san hawa ba bai san sauka ba, ɗanka ne. In abin da ya rage ya kai, ka biya zango ɗaya kai tsaye ga makarantar, ka faɗa wa yayanka iyakar abin da za ka iya ke nan bana. In bai kai ba ka ce bai kai ba, kada ka ƙara da "lokacin da nake nema fa". Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ba shi labarin abin da za ka yi wa Malam don ya ji zafi. Ranar da ka yi haka ka mai da alherin Malam bulala, shi kuwa ba don haka ya ba ka ɗakinsa ba.

Ka kira Malam a wannan makon, kafin ka sayi tikiti. Kada ka ce kana zuwa da magana. Ka ce yaron nan na Madani ya fara surutu, uwarsa tana so ta kawo shi ya gaida iyayensa na Gadarif, ko akwai wurin kwana. Ka ji abin da zai ce, ka rubuto mini.